Motsa jiki ga mai ciwon suga: nawa, yaushe, da abin da ake kiyayewa

Mafi yawan sugan da ke shiga jini bayan an ci abinci, tsoka ce ke kwashe shi. A ciwon suga nau'i na 2, wanda shi ne ya fi yawa a cikin manya masu ciwon, insulin, wato sinadarin da ke taimaka wa suga shiga tsoka, yana nan a jiki amma tsoka ba ta amsa masa yadda ya kamata, sai suga ya yi ta yawo a jini bai sami mashiga ba. To amma tsoka tana da wata hanya ta biyu. Da zarar ta kama aiki, tana janyo suga da kanta ko insulin bai taimaka ba. Bayan an huta ma ba ta dainawa nan take, domin sai ta mayar da ajiyar da ta ƙona, kuma jiki yana ƙara jin insulin har tsawon kwana ɗaya zuwa uku. Daga nan amfanin sai ya fara gushewa.

Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa motsa jiki magani ne mai ƙarewa a jiki kamar ƙwaya. Wanda ya buga ƙwallo awa biyu ranar Asabar ya zauna sauran kwana shida bai kai wanda ke tafiyar minti 20 kullum samun amfani ba. Kuma tunda magani ne, yana da awo, yana da lokaci, yana iya yin karo da wani maganin.

Awon da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka suka tsaya a kai shi ne aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, ita ƙungiyar ta Amurka ta ce a raba shi cikin kwana uku ko fiye, kada a yi fashin da ya wuce kwana biyu a jere. A ƙara da aikin ƙarfafa tsoka sau biyu ko uku a mako. Ga wanda sugansa ya fara hawa amma bai kai ciwo ba, wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutum fiye da 3,000, aka fitar a 2002, ya nuna cewa wannan minti 150 tare da rage ƙiba kaɗan ya rage kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100, alhali ƙwayar metformin ta rage da kashi 31.

Mataki na farko: a duba kwalin magani

Kafin a yi maganar takalmi ko hanya, a ɗauko magungunan da ake sha a karanta sunayensu, domin su ne za su faɗa maka wane irin shiri kake buƙata.

Idan metformin kaɗai kake sha, ko kuma abinci kawai aka ce ka kiyaye, da wuya motsa jiki ya kayar maka da suga ƙasa da ƙima. Ba sai ka ci wani abu kafin ka fita ba. Mutane da yawa suna kuskure a nan: su yi tafiyar minti 20, su dawo su sha kwanon fura da suga wai don mayar da ƙarfi, abin da suka sha ya ninka abin da suka ƙona.

Idan kana allurar insulin, ko kana shan ƙwayar da aka rubuta wa glibenclamide, gliclazide ko glimepiride, waɗanda aka fi sani da Daonil, Diamicron da Amaryl, lissafinka daban ne. Waɗannan suna sauke suga ko ka ci abinci ko ba ka ci ba, ko ka motsa ko kana kwance. Idan aikin tsoka ya haɗu da nasu, suga na iya faɗuwa warwas. Duk bayanin gwaji da guzuri da ke tafe, kai ya fi shafa.

Akwai wasu biyu da ya kamata a sani. Masu shan dapagliflozin ko empagliflozin suna zubar da suga ta fitsari, ruwan jikinsu yana saurin ƙarewa, kuma gubar kiton, wadda jiki ke samarwa idan ya koma ƙona kitse, na iya taruwa musu ko da na'ura ba ta nuna suga mai yawa ba. Masu shan atenolol ko propranolol don hawan jini kuwa, maganin yana danne bugun zuciya da karkarwar da ke sanar da mutum sugansa ya faɗi. Sau da yawa zufa kaɗai za ta rage musu a matsayin alama.

Mataki na biyu: abin da likita zai duba

Wanda ba shi da wata matsala banda sugan, zai iya fara tafiya a hankali tun yau. Amma idan ana so a wuce tafiya zuwa gudu, ƙwallo ko ɗaga ƙarfe, ko kuma ciwon ya daɗe, a fara ganin likita a kan abu huɗu.

Zuciya: duk wanda ke jin nauyi ko matsi a ƙirji idan ya hau bene, ko haki da bai dace da aikin ba. Ciwon suga da ya daɗe yana iya kashe jijiyar da ke kai saƙon ciwon zuciya, sai toshewar jijiyar jinin zuciya ta zo ba zafi, sai dai gajiya, zufa da tashin zuciya.

Ido: idan suga ya taɓa bayan ido har sababbin jijiyoyin jini marasa ƙwari sun tsiro, ɗaga abu mai nauyi, yunƙuri da riƙe numfashi, tsalle-tsalle, duk suna iya fasa su jini ya zuba cikin ido. Mai wannan matsala ya taƙaita ga tafiya da keke a fili. Kuma mutum ba ya gane yana da ita ta hanyar gani, sai an ɗiga magani an leƙa bayan idon, shi ya sa ake son gwajin sau ɗaya a shekara.

Hawan jini da ƙoda: a daidaita jinin kafin a fara aiki mai ƙarfi. Ciwon ƙoda bai hana tafiya ba.

Na huɗu ƙafa, ita kuwa sai an tsaya a kanta.

Mataki na uku: ƙafa da takalmi

Yawancin gyambon da ke kai ga yanke ƙafa, da ɗan abu yake farawa: tsakuwa a cikin takalmi, bororo a dunduniya, ɗinkin safa da ya goge ɗan yatsa. Mai lafiya zai ji zafi ya tsaya. Wanda jijiyar ƙafarsa ta mutu ba zai ji ba, zai yi ta taka wurin har ya zama rami. Alamun farko su ne jin kamar ana tsira allura, zafi kamar barkono a tafin ƙafa da dare, ko jin kamar ana tafiya a kan auduga, ko silifa ya fice mutum bai sani ba. Idan akwai ɗaya daga cikinsu, ido ne zai yi aikin da jijiya ta daina.

Takalmin tafiya ya zama rufaffe, kambas ko makamancinsa, mai taushin ciki, mai faɗin gaba. A bar tazarar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafa mafi tsawo da bakin takalmin. A saye shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma a gwada duka biyun da safa a ƙafa. Sabon takalmi kada ya wuce awa ɗaya a ranar farko, a cire a duba ko ya bar jan wuri. Silifa mai igiya tsakanin yatsu da takalmin roba mai tauri ba na wannan aiki ba ne. Safa ta zama ta auduga, marar matse ƙwauri, kuma fara ta fi, domin idan wani wuri ya fashe za a ga tabon jini ko ruwa a jikinta.

Kafin a sa takalmi, a kife shi a kaɗe, a zura hannu a shafa cikinsa. Bayan an dawo, a zauna wurin haske a duba tafin ƙafa, dunduniya da tsakanin kowane yatsa. Wanda ba ya iya lanƙwasawa ya ajiye madubi a ƙasa, ko ya sa wani a gida ya duba masa. Alwala dama ce mai kyau ta wannan dubawa, sai dai a riƙa tsane tsakanin yatsu da ƙyalle, domin danshin wurin ne ke jawo fatar ta yi fari ta tsage. Da hunturu a shafa mai a dunduniya da tafin ƙafa saboda faso, amma ban da tsakanin yatsu. Kada a yanke kantar ƙafa da reza.

Kada a taka ƙasa ba takalmi, ko a tsakar gida. Simintin harabar masallaci da kwalta ranar Juma'a da bazara suna ƙona ƙafar da ba ta ji, mutum sai ya koma gida zai ga fata ta saɓule. Haka ma maniyyata a Makka da Madina. Mai niyyar aikin Hajji ma ya sani cewa sa'ayi kaɗai ya kai kilomita uku, ban da ɗawafi da zirga-zirgar Mina, don haka ya fara horon tafiya da takalmin da zai je da shi tun watanni kafin tashi.

Idan akwai buɗaɗɗen ciwo a ƙafa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi ja da ɗumi ko ba zafi, a dakatar da tafiya a je asibiti a ranar. Kafin ta warke sai a koma motsin da ake yi a zaune.

Mataki na huɗu: gwaji kafin a fita

Na'urorin gwada suga iri biyu ne a kasuwa. Wata tana nuna lamba kamar 126, wato mg/dL, wata tana nuna 7.0, wato mmol/L. Idan aka raba ta farko da 18 za a sami ta biyu. A wanke hannu da ruwa a tsane kafin a soki yatsa, domin ragowar dabino ko mangwaro a fata yana ba da lambar ƙarya.

Ga mai insulin ko waɗancan ƙwayoyi uku, ga yadda ake karanta sakamakon:

Ƙasa da 70, wato 3.9: suga ya riga ya faɗi. A yi maganinsa, ba fita yanzu.
Daga 70 zuwa 90, wato 3.9 zuwa 5.0: a ci giram 15 zuwa 30 na abu mai suga ko sitaci, misali ƙaramar ayaba ɗaya ko dabino uku zuwa huɗu, a jira a sake gwadawa.
Daga 90 zuwa 250, wato 5.0 zuwa 13.9: a fita. Idan lambar tana kusa da ƙasa kuma tafiyar za ta wuce minti 30, a ɗan ci wani abu a hanya.
Sama da 250: mai nau'i na 1, wato wanda jikinsa ya daina yin insulin, da duk wanda ba ya jin daɗin jikinsa, ya gwada kiton da tsinken fitsari. Idan akwai, kada ya motsa.

Dalilin na ƙarshen yana da muhimmanci, domin mutane suna zaton duk suga mai yawa tafiya ce maganinsa. Kiton alama ce ta cewa insulin ya yi ƙaranci ƙwarai har jiki ya koma ƙona kitse. A wannan hali motsi yana sa hanta ta ƙara zubo suga, kiton ya ƙaru, jini ya yi tsami. Idan ga amai, ciwon ciki, ƙishirwa mai tsanani ko numfashi mai zurfi, asibiti za a nufa. Mai nau'i na 2 da ya ga 260 bayan cin abinci, jikinsa garau, zai iya shan ruwa ya yi tafiya a hankali, galibi ma za ta sauke shi.

Tsinken gwaji yana da tsada, kuma ba dole ne a yi ta gwadawa har abada ba. A kashe kuɗin a makonni biyu na farko: kafin fita, bayan dawowa, wani lokaci kafin barci. Da an gane yadda jiki ke amsawa, sai a rage, a koma gwadawa sosai idan an canza magani ko an ƙara tsawon aiki.

Wanda sugansa ya faɗi har sai da wani ya taimaka masa, ya huta awa 24 kafin ya koma motsa jiki.

Mataki na biyar: tafiyar kanta

Suga yana kaiwa ƙololuwa kamar awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan an fara cin abinci. Idan tsoka tana aiki a daidai lokacin da yake hawa, tana sare kan hawan. Saboda haka tafiyar minti 10 zuwa 15 da aka fara cikin rabin awa bayan an gama ci ta fi irinta da aka yi a wani lokaci rage hawan. A ganinmu, idan mutum abu ɗaya kaɗai zai ɗauka daga wannan jagora, ya ɗauki tafiyar bayan abincin dare. A gidaje da yawa shi ne abinci mafi nauyi, tuwo ko shinkafa, kuma daga shi sai tabarma sai barci. Wanda ke cin abinci bayan magariba yana da hanya a shirye: ya tafi sallar isha'i da ƙafa, ya zaɓi masallacin da ya ɗan fi nisa, ya dawo ta doguwar hanya.

Saurin da ake nufi da matsakaici shi ne wanda numfashi zai ƙaru, jiki ya yi ɗumi, kana iya magana da abokin tafiya amma ba ka iya rera waƙa ko jan dogon karatu. Idan ana son lamba, taku 100 a minti: ka ƙirga na daƙiƙa 15, ka ga ko ya kai 25. Tafiyar rangwaɗa ana tsayawa gaisuwa a kowace ƙofa tana da nata amfani, amma ba ta shiga lissafin minti 150.

Wanda ya daɗe bai motsa ba ya bi a hankali. Mako na 1 da na 2, minti 10 bayan abinci mafi nauyi, kwana biyar a mako. Mako na 3 da na 4, a ƙara wata minti 10 bayan karin kumallo. Mako na 5 da na 6, a ƙara ta uku ko a tsawaita biyun zuwa minti 15 kowacce. An kai minti 30 a rana ke nan, 150 a mako. Minti uku zuwa biyar na farko da na ƙarshe a yi su a sannu. Tsayawa cak bayan sauri yana sa jini ya taru a ƙafa, jiri ya ɗebi mutum, musamman wanda ciwon ya taɓa jijiyoyin da ke daidaita jininsa.

Mai ciwon gwiwa ya gwada keke, ko ya raba tafiyar minti biyar-biyar. Ciwon tsoka na kwana ɗaya ko biyu a farkon farawa ba komai ba ne. Ciwon ƙirji, jiri, haki mai tsanani, ko ciwon sharaɓa da ke zuwa duk lokacin da aka yi tafiya ya tafi idan an tsaya, waɗannan a kai wa likita. Na ƙarshen alama ce ta toshewar hanyar jini a ƙafa.

Ga matan da ba su cika fita ba, tsakar gida ta isa. Ki auna ta da taku: idan zagaye ɗaya taku 40 ne, zagaye 25 taku 1,000 ne, kimanin minti 10. Daka, surfe, jan ruwa a rijiya, wanki da hannu da sharar da ake yi da kuzari duk motsi ne na gaske, idan har sun sa numfashi ya ƙaru kuma an ɗauki mintuna ana yi. Abin da ke faruwa a gidaje da yawa shi ne, da an ce uwa tana da suga, sai 'ya'ya da surukai su karɓe mata duk wani aiki don tausayi, ta koma zama daga safe har dare. Niyyar mai kyau ce, amma ciwon take ƙarawa. A bar mata aikin da take iyawa. Mai juna biyu da suga ya taso mata, tafiyar minti 20 zuwa 30 a rana tana taimakawa ƙwarai, bayan ta tambayi masu awo.

Zama kansa matsala ce daban. Ɗan kasuwa a rumfa, tela, direba, ma'aikacin ofis, ko sun yi tafiyar safe, zaman awa shida a jere yana cin ribar. Kowane minti 30 a miƙe na minti biyu ko uku: a taka zuwa bakin layi, ko a tashi a zauna sau goma.

Mataki na shida: ƙarfafa tsoka

Tsoka ita ce rumbun suga, kuma tana raguwa da shekaru, ta fi saurin raguwa ga mai ciwon suga. Ba a buƙatar gidan motsa jiki. Gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi nauyinta kilo ɗaya da rabi, galan mai lita huɗu kilo huɗu, idan aka cika da yashi ya fi haka.

A zauna a bakin kujera mai ƙwari da aka jingina da bango, a miƙe ba tare da dafa gwiwa ba, a koma a hankali. Wannan ya fi kowanne, domin cinya da ɗuwawu su ne manyan tsokokin jiki. Sai tura bango: a tsaya taku ɗaya daga bango, a dafa shi daidai kafaɗa, a lanƙwasa hannu har ƙirji ya matso, a tura. Sai ɗagawa a kan yatsun ƙafa ana riƙe da bayan kujera. Sai ɗaga gora daga cinya zuwa kafaɗa, da kuma daga kafaɗa zuwa sama. Sai hawa da sauka a matakala ɗaya. Kowanne sau 10 zuwa 15, a huta minti ɗaya, a maimaita. A fara da zagaye ɗaya, a kai uku cikin wata biyu. Idan na 15 ya daina wahala, a ƙara nauyi. A bar kwana ɗaya tsakani.

Kuskuren da aka fi yi shi ne riƙe numfashi lokacin yunƙuri, wanda ke harba jini sama nan take. A fitar da iska lokacin ɗagawa, a shaƙa lokacin saukewa. Ƙirgawa da baki a bayyane tana hana riƙewar. Dattawa su ƙara da tsayuwa a ƙafa ɗaya na daƙiƙa 10 zuwa 20 kusa da bango, don rage faɗuwa.

Idan suga ya faɗi

Alamunsa karkarwa, zufa mai sanyi, yunwa farat ɗaya, bugun zuciya, gani dishi-dishi, ciwon kai, saurin fushi, ko magana ta fara harɗewa. Wahalar ita ce zufa da bugun zuciya suna kama da na motsa jiki. Idan ana shakka kuma ba na'ura a kusa, a ɗauka faɗuwa ce. Shan suga cokali uku bisa kuskure ba zai yi ɓarna ba, jinkiri kuwa yana iya kai wa ga suma.

A tsaya a zauna. A sha giram 15 na suga mai saurin shiga jini: cokalin shayi uku zuwa huɗu na suga a ruwa, ko cokalin cin abinci ɗaya na zuma, ko kusan rabin ƙaramar kwalbar lemo mai suga, ba wanda aka rubuta babu suga ba. A jira minti 15, a gwada. Idan bai haura 70 ba, a maimaita. Idan ya haura kuma abinci na gaba ya fi awa ɗaya, a ci wani abu mai riƙe ciki kamar burodi ko ƙosai da ɗan koko. Cakulan, gyaɗa da madara ba su dace da matakin farko ba, domin mai yana jinkirta shigar sugan. Wannan guzuri ya zauna a aljihu kullum, tare da 'yar takarda mai cewa mutum yana da ciwon suga da lambar wayar wani nasa.

Idan mutum ya suma ko ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa komai a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi a gefensa, a garzaya asibiti mafi kusa, a faɗa musu maganin da yake sha. Wanda glibenclamide ya kayar, musamman tsoho ko mai ciwon ƙoda, ko ya farfaɗo a kai shi, domin ƙwayar tana daɗewa a jiki kuma sugan yana sake faɗuwa bayan awanni.

Akwai faɗuwar da ke zuwa a makare, awa 6 zuwa 15 bayan aiki, lokacin da tsoka ke cika rumbunta. Wanda ya yi aiki mai yawa da yamma, tsakar dare za ta same shi: mugun mafarki, jiƙewa da zufa, tashi da ciwon kai. Bayan irin wannan rana a gwada kafin barci, idan ya yi ƙasa da 100 zuwa 110 a ci ɗan abu. Manoma su kula da wannan da damina. Wanda ya sha ƙwaya da asuba ya tafi gona ba karin kumallo, ya yi huɗa har azahar, awon maganin da ya dace da shi da rani ya yi masa yawa yanzu. A gaya wa likita tun kafin shuka.

Masu insulin, abu biyu. Kada a yi allura a cinya idan za a yi tafiya ko keke, ko a damtse idan za a yi daka, domin tsoka mai aiki tana zuƙe insulin da sauri. A yi a ciki, a nisanci cibiya da faɗin yatsu biyu. Sannan mai gaurayen insulin 70/30 na safe da yamma ya sani cewa daga hantsi zuwa kafin abincin rana ne allurar safe ke da ƙarfi, nan ne aiki ba ci ya fi kayarwa. Idan faɗuwa tana maimaituwa, gyaran da ya dace shi ne likita ya rage magani. Ƙara ci kullum don a bi magani yana kawo ƙiba.

Wani lokaci kuma akasin haka ake gani: a buga ƙwallo ko a yi gudu mai tsanani, a gwada a ga suga ya hau. Aiki mai tsanani yana sa jiki ya saki sinadaran da ke umartar hanta ta zubo suga. Yana sauka da kansa cikin awa ɗaya ko biyu. Kada a yi gaggawar ƙara allura a kansa, domin idan ta haɗu da faɗuwar da ke tafe a makare, abin ya yi muni.

Zafi, ƙura da azumi

Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri, Damagaram da kewayensu. Mai suga yana saurin bushewa saboda yawan fitsari, kuma bushewa tana ƙara hawan suga. A koma bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya. A sha ruwan leda ɗaya kafin a fita, a riƙa kurɓa kowane minti 15 zuwa 20, sai dai wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda zuciya ko ƙoda. Ruwa zalla, ba zoɓo ko kunun zaƙi mai suga ba. Zafi yana lalata insulin da tsinken gwaji, kada a bar su a mota ko ƙarƙashin kujerar babur. Da hunturu, ranar da ƙura ta yi yawa, mai asma ko ciwon zuciya ya yi nasa a ɗaki.

Da azumi, awannin da ke gab da faɗuwar rana su ne mafi haɗari, kada a yi aiki mai ƙarfi a cikinsu. A mayar da tafiya zuwa bayan buɗa baki. Sallar asham da tafiyar zuwa da dawowa suna cikin lissafin motsin ranar. Ƙa'idar da likitocin wannan fanni suka shimfiɗa ita ce a karya azumi idan suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko alamun faɗuwa suka bayyana, ko da saura minti kaɗan a sha ruwa. Awo da lokutan magani suna canzawa a watan, a daidaita su da likita makonni kafin a ga wata.

Littafin lissafi

A sami ƙaramin littafi, kowace rana layi ɗaya: abin da aka ci, magani da lokacinsa, irin motsi da mintunansa, suga kafin da bayan. Gwaji ɗaya da ya cancanci tsinke huɗu shi ne wannan: a ci tuwo malmala ɗaya da miya, a gwada kafin ci da awa biyu bayan fara ci, a zauna. Washegari a ci daidai irinsa a lokaci ɗaya, a yi tafiyar minti 15, a gwada a lokutan jiya. Bambancin lambobin biyu na jikinka ne, kuma shi zai nuna maka ko minti 15 sun isa ko sai an rage malmalar.

Abin da ake nema ga yawancin manya shi ne 80 zuwa 130 kafin abinci, ƙasa da 180 awa biyu bayan fara ci, da gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin wata uku, ƙasa da kashi 7. Ga tsofaffi da masu yawan faɗuwa likita yakan sassauta. Sikeli yana iya ƙin motsawa wata biyu alhali suga yana gyaruwa, don haka a riƙa auna ƙugu da tef ɗin tela daidai cibiya sau ɗaya a wata. Ranar asibiti a tafi da littafin, kuma ko lambobi sun yi kyau kada a ajiye ƙwaya sai likita ya gani ya rage da kansa.